Jagora ga mai son cin abinci da jitar bas a Yamai

Duk wanda ya yi shekara biyu yana bin bukukuwa da jitar bas a Yamai ya san cewa abubuwa uku ne ke cin kayan makaɗi a garin nan, wato zafi da ƙura da wutar lantarki. Saboda haka ma'aunin da zan bi a wannan jagora guda ɗaya ne: kayan da ya kamata ka saya su ne waɗanda za su kai ka ƙarshen wasa na awa huɗu ko biyar a ƙarƙashin rumfa, a watan Afrilu, da wutar janareto, ba tare da sun ba ka kunya ba. Sunan kamfani da ƙyallin fenti suna zuwa ne bayan wannan.

Mataki na farko: zaɓen jitar kanta

Jitar bas ta zamani ta samo asali ne daga Amurka, inda Leo Fender ya fito da samfurin Precision a 1951, sannan ya biyo da samfurin Jazz a 1960, kuma har yau mafi yawan jitocin da za ka gani a hannun mutane kwaikwayon ɗaya daga cikin biyun ne. Bambancinsu yana da muhimmanci a gare mu saboda dalilin da ba a cika faɗa ba. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti a jikin Precision, wanda masu sana'a ke kira mikro, an raba shi gida biyu ta yadda rabi yake kashe gurnanin wuta da ɗaya rabin ya ɗauko. Jazz kuwa tana da mikro biyu daban, kuma gurnanin yana ɓacewa ne kawai idan ka buɗe su duka daidai da juna. Da zarar ka rage ɗaya, sai ka ji ƙugi yana fita daga lasifika, musamman a gidan biki da aka ja waya barkatai. Jazz tana da siririn wuya da sauti mai kaifi, kuma masu ƙananan hannu sun fi jin daɗinta, amma idan aka ce in zaɓa wa mai farawa jita ɗaya tak, Precision ko mai irin ƙirarta zan ba shi.

Tambaya ta biyu ita ce ta tsirkiya huɗu ko biyar. Mai huɗu ana ɗaure ta ne a kan sautukan da ake kira Mi, La, Re, Sol, kuma mafi kaurin tsirkiyarta tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Mai biyar tana ƙara Si ta ƙasa, wadda ke girgiza kusan sau 31, kuma amfaninta yana bayyana ne a lokacin da mawaƙi ya ce a sauke masa waƙa saboda muryarsa ta gaji, domin za ka samu sautin ƙasa ba tare da ka sake ɗauri ba. Sai dai tsirkiyarta ta fi tsada, ta fi wuyar samu a nan, kuma ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da wannan Si ɗin da kyau. Wanda zai bi waƙoƙin gargajiya da aka zamanantar da takamba da makamantansu, huɗu ta ishe shi shekaru.

Akwai kuma jita mai batir da maras batir. Mai batir tana ɗauke da ɗan ƙaramin injin gyara sauti a cikinta, wanda ke aiki da batir mai bolt 9, kuma muddin wayar jak, wato wayar da ke fitar da sautin jitar, tana soke a jikinta batirin yana ci ko ana kiɗa ko ba a yi. Na taɓa barin waya a soke tun daga gwajin la'asar har dare, da batirin da dama ya kwana biyu, sai ga sauti ya fara karkarwa daidai lokacin da ake shigowa da amarya. Tun daga ranar na koma maras batir. Wanda ya fi son mai batir ya nemi irin wadda ke da maɓallin mayar da ita maras batir, ya kuma riƙa yawo da sabon batir a aljihun jaka.

Game da kamfani, Squier da Yamaha da Ibanez da Cort duk suna yin jitoci masu sauƙin kuɗi da za su iya ɗaukar aiki. Abin da za ka yi hattara da shi shi ne jitar da aka manna wa sunan Fender a ka alhali ba ta taɓa ganin masana'antarsu ba. Irin wannan ba laifi ba ne ka saye ta idan tana da lafiya, amma ka biya kuɗin abin da take, kada ka biya kuɗin sunan.

Mataki na biyu: duba jita ta hannu kafin ka biya

Yawancinmu ta hannu muke saya, ko daga wani makaɗi da ya matsu, ko daga kayan da ake shigowa da su daga Kwatano da Lome, don haka a nan ya kamata ka daɗe. Fara da wuya, domin shi ne ran jita, kuma shi ne abin da ba ya gyaruwa da sauƙi. Ka ɗora gindin jitar a ƙasa, ka runtse ido ɗaya, ka hango wuyan daga kai zuwa jiki kamar mai duba miƙewar katako. Ɗan lanƙwasa zuwa gaba abu ne da ake so, amma idan ka ga wuyan ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ka mayar wa mai ita da kayansa ko da a rabin kuɗi ya bar maka.

Daga nan ka nemi makullin sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, wadda da ita ake miƙe shi ko a sassauta shi. Ka sa makulli ka juya ta kaɗan zuwa hagu, sannan ka mayar da ita inda take. Idan ta ƙi motsi, ko kuma tana juyawa sakaka ba tare da ta kama komai ba, wannan jitar ba za ta iya bin sauyin yanayinmu ba. Bayan haka ka buga kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfen wuya, wato ƙarafan da aka jera a wuyan inda ake danne tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, tun daga na farko har na ƙarshe, kana sauraron inda sauti ke mutuwa ko yake zizar ƙarfe. Aikin yana ɗaukar minti goma, kuma mai sayarwa zai ƙosa, amma ka bar shi ya ƙosa. A ƙarshe ka soka ta a ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza kan jak ɗin a raminsa. Ƙarar maɓalli da sakin jak ƙananan abubuwa ne da kowane mai gyaran rediyo a kasuwar Katako zai gyara, sai dai su zame maka hujjar neman ragi.

Kada ka manta da nauyi. Jitar bas takan kai kilo huɗu, wasu ma su wuce, kuma rabin kilo da ba ka ji ba a shago za ka ji shi a kafaɗa bayan awa uku. Ka nemi maratayi mai faɗi, ko ka kai wa baduku ya ɗinka maka na fata mai faɗin yatsu huɗu, wanda zai fi na kanti ƙarko.

Mataki na uku: tsirkiya da kula da wuya

Tsirkiyar da aka fi amfani da ita ita ce mai lambar kauri 45 zuwa 105, kuma tsawon da ya dace da yawancin jitoci shi ne na inci 34. Akwai mai kaushi, wadda ke ba da sauti mai haske amma gumi da ƙura suke shiga tsakanin naɗinta su kashe ta cikin ƴan makonni, akwai kuma mai santsi, wadda sautinta ya fi duhu amma takan yi shekaru a jiki. Ga mai wasa a waje kullum, mai santsi tana rage kashe kuɗi ƙwarai, idan har salon ƙungiyarsa bai buƙaci mari da fizgar tsirkiya ba. Wanda ya zauna a kan mai kaushi ya riƙa goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa. Tsohuwar dabarar nan ta tafasa tsirkiya a ruwa na kamar kwata ɗin awa tana dawo da haskenta na ɗan lokaci, da sharaɗin a shanya ta ta bushe sarai kafin a mayar, amma bayan sau ɗaya ko biyu ba ta ƙara amfani. Duk lokacin da ka sa sabuwa, ka naɗe tsohuwar ka ajiye a jaka, domin ranar da wata ta tsinke a unguwar Harobanda da ƙarfe goma na dare ba za ka samu shago a buɗe ba.

Katako yana shan iska kamar yadda fata take sha. A lokacin hunturu yakan bushe ya tsuke, har ka ji bakin ƙarafan wuya suna yankar hannu, da damina kuma ya kumbura, don haka sau biyu a shekara ka duba lanƙwasar wuya. Ka danne tsirkiyar Mi a ƙarfe na farko da hannun hagu, ka danne ta a ƙarfe na ƙarshe da hannun dama, ka dubi ratar da ke tsakaninta da ƙarfe na bakwai ko na takwas. Ratar da ake so ba ta wuce kaurin katin gayyatar biki ba. Idan ta yi yawa ka ɗaure sandar zuwa dama, idan babu rata sam ka sassauta zuwa hagu, kuma kada ka wuce kwata ɗin juyi a zama ɗaya; ka bar katakon ya kwana, washegari ka sake dubawa. Tsayin tsirkiya a ƙarfe na 12 yakan kasance wajen milimita biyu da rabi a Mi, milimita biyu a Sol, sannan kowa ya gyara daidai da ƙarfin yatsunsa. Abin da ba a yi shi ne barin jita a cikin mota a rufe da rana, ko a jingine ta a bangon kwano, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin bazara.

Mataki na huɗu: ampili da akwatin DI

Kuskuren da na fi gani wajen matasa shi ne su zuba duk kuɗinsu a jita, sannan su sayi ɗan ampili mai wat 15 ko 20 su zo da shi filin biki. Wannan na gwaji ne a ɗaki. Sautin ƙasa yana cin ƙarfi fiye da na jitar solo nesa ba kusa ba, kuma a waje babu bangon da zai dawo maka da shi, saboda haka idan akwai mai ganguna a bayanka, a ganina ƙasa da wat 200 wahala ce kawai. Ampili na zamani marasa nauyi, irin waɗanda Fender da Markbass da Hartke suke yi, sun sauƙaƙa ɗauka ƙwarai, sai dai idan suka lalace gyaransu ya fi na tsofaffi masu nauyin taransifoma wuya. Wanda ba shi da abin hawa ya auna wannan da kansa, domin akwatin da ba ya shiga bayan taksi zai riƙa cinye masa kuɗin wasa a hayar mota.

Idan kan ampili daban yake da akwatin lasifika, dole ka fahimci lissafin om, wato ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta. A bayan kowane ampili an rubuta mafi ƙarancin abin da zai iya ɗauka, galibi om 4. Akwati biyu masu om 8 idan aka haɗa su suna zama om 4, wannan daidai ne, amma biyu masu om 4 suna zama om 2, wanda zai sa ampilin ya yi zafi ya kashe kansa ko ya ƙone. Haka kuma wayar jita ba ta maye gurbin wayar lasifika ko da bakinsu iri ɗaya ne, domin zaren cikinta siriri ne, ba a yi shi don ɗaukar wannan ƙarfi ba.

Ƙaramin abin da ya fi kowane kaya ceto na shi ne akwatin DI, wanda girmansa bai wuce sabulu biyu ba. Aikinsa shi ne ya karɓi sautin jitarka ya mayar da shi irin wanda teburin mai sono, wato mai kayan sautin filin, ke so, ta waya mai ƙafa uku irin ta makirufo, wadda ke iya yin tafiya mai nisa ba tare da ta kwaso gurnani ba. A jikinsa akwai maɓallin raba ƙasa, wanda idan ka danna shi sau da yawa ƙugin da ya hana kowa sakat yake ɗaukewa nan take. Jita maras batir ta fi dacewa da DI mai cin wuta, wanda ke samun bolt 48 daga teburin sono, jita mai batir kuwa DI maras wuta ya ishe ta. Ranar da ampilinka ya mutu a tsakiyar wasa, da wannan akwatin za ka ƙarasa. Shi da na'urar ɗaurin tsirkiya sun isa. Sauran na'urorin takawa da ƙafa su jira sai ka san ainihin abin da kake nema a cikinsu.

Mataki na biyar: wuta

Wutar Nijar bolt 220 ce, saboda haka duk kayan da ɗan'uwa ya aiko maka daga Amurka ka karanta bayansa kafin ka soka, domin can ana amfani da bolt 120 ne, kuma soka irin wannan kai tsaye ƙonewa ce nan take. Ka sayi na'urar daidaita wuta mai ƙarfin da ya wuce abin da ampilinka ke ja, da doguwar waya taka ta kanka mai kauri. A wurin biki kada ka yarda a haɗa ka layi ɗaya da firji ko injin sanyaya ruwa. Idan da janareto ake aiki, ka bari ya tashi ya zauna, sautinsa ya daidaita, kafin ka kunna komai, kuma idan aka ɗauke wuta ka kashe ampilinka tun kafin ta dawo. Ƙa'idar kunnawa ita ce ampili ne na ƙarshe a kunnawa, shi ne kuma na farko a kashewa.

Akwai abin da ya wuce asarar kaya. Idan ka riƙe tsirkiya ka ji makirufo yana tsunkulin leɓenka, wannan alama ce cewa wuta tana yawo a jikin ƙarfe, kuma an yi makaɗa a duniya da suka rasa ransu ta wannan hanya. Ka dakatar da komai a gyara, kada ka tsaya ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma kada ka karya ƙafar ƙasa ta filogi don ya shiga soket.

Mataki na shida: ciniki

Kafin ka amsa kowane wasa ka san abubuwa biyar: wuri, lokacin farawa da na tashi, wanda zai kawo sono, wanda zai biya kuɗin mota, da kuma nawa ne rabonka. Idan ta hannun shugaban ƙungiya aikin ya zo, ka tambaye shi cikin ladabi tun ranar da ya kira ka. Kana iya cewa, “Maigida, Allah ya ƙara girma, ina so in san abin da zan gaya wa iyali; nawa ne nawa, kuma liƙi yaya za a yi da shi?” Wanda ya san sana'a ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Maganar liƙi ita ce ta fi raba ƙungiyoyi, domin mawaƙi ne ke gaba, shi ake manna wa kuɗi a goshi, mai bas kuwa yana can baya kusa da ganguna, ba wanda ya san da shi sai ya yi shiru. Ƙungiya mai tsari tana sa yaro ɗaya ya tattara duk abin da ya zuba, a ƙirga a gaban kowa, a raba bisa ƙa'idar da aka yarda da ita tun farko.

Idan kai ne ka karɓo aikin kai tsaye, ka karɓi kafin alƙalami, sauran kuma a biya kafin a tashi, domin mai biki da safe ba shi ne mai biki na jiya da dare ba. Na taɓa yin sati uku ina sintiri a ƙofar wani gida a kan jaka goma, kullum a ce mini Alhaji ya fita, har kuɗin taksi ya kusa cinye abin da nake bi. Idan aikin na ɗaukar waƙa ne a situdiyo, ka tambaya ko za a sa sunanka, kuma idan kana da hannu a ƙirƙirar waƙar ka je ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, wato BNDA, ka ji yadda ake rajista.

Sana'ar tana da damina da rani. Aure yakan yi yawa gab da azumi da kuma bayan sallah, watan azumi kuwa kusan komai yana tsayawa, don haka daga kuɗin kowane wasa ka ware wani abu na tsirkiya da gyara, wani na wannan watan. Da yawa daga cikinmu suna haɗawa da koyarwa ko wata sana'ar hannu, wasu kuma suna wasa da ƙungiya biyu ko uku, abin da ba ya yiwuwa sai da littafin rubuta ranaku. Mai neman ƙarin ilimi ko abokan gwaji ya leƙa cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, ya kuma riƙa zuwa kallon wasanni a cibiyar al'adu ta Umaru Ganda, inda zai ga yadda manya ke tsayar da sautinsu a babban fili.

Mataki na bakwai: ranar wasa

Ka isa awa ɗaya kafin lokacin da aka ce, ko da ka san ba za a fara a kan lokaci ba. A jakarka a samu wayar jak biyu, tsofaffin tsirkiyoyi, makullan jita, sukurdireba, tocila, salatif, ƙyalle, da abin toshe kunne, domin tsayuwa kusa da faranten mai ganguna shekara da shekaru yana barin ƙara a kunne wadda ba ta warkewa. Ka tsaya a inda za ka ga ƙafar mai ganguna, saboda babbar gangar ƙafa ita ce abokiyar tafiyarka. Ampilin kuma ka ɗaga shi a kan kujera ko benci, ya fuskanci kunnenka, ya kuma tsira daga yashi.

Wajen gyara sauti, hannu yakan so ya murɗa maɓallin sautin ƙasa har ƙarshe, amma a fili hakan yana cinye ƙarfin ampili ne ya bar ka da gurnani maras fuska. Ka bar ƙasa a tsakiya, ka ƙara tsaka-tsakin sauti kaɗan, sai a ji kowace tsirkiya daban ko daga bayan rumfa. Da an fara, aikinka shi ne riƙe zaren waƙa. Mawaƙi zai hango wata Hajiya ta shigo ya shiga yi mata kirari, ya bi danginta ɗaya bayan ɗaya har minti ashirin, kai kuwa kana kan jimla guda mai sauti huɗu ko biyar, kuma a nan ake gane wanda za a sake kira. Idan ka gaji ka fara yawo a kan wuya don ka nuna gwaninta, masu rawa za su rasa inda za su taka, mai kalangu kuma zai juyo ya harare ka. Ka rage ƙarfin yatsu lokacin da ake magana, ka dawo da shi idan amshi ya shigo, idonka yana kan kafaɗar mawaƙi don ka ga alamar tsayawa.

Idan wasan na wajen gari ne, kamar a ce an gayyace ku Tawa, garin makaɗi Ɗan Gurmu, wanda aka sa wa wata gasar kiɗa sunansa, tafiya ce ta fiye da kilomita 500 ta Doso da Dogondutsi da Birnin Ƙonni. Kada ka bari a jefa jitarka cikin kaya a ƙarƙashin mota idan jakarta ta yadi ce. Ka roƙi yaron mota ka shiga da ita, ka tsayar da ita tsakanin ƙafafunka. Ampilin a naɗe shi da bargo, a juya fuskar lasifikar ta kalli bango, kada ƙafar wani buhu ta huda ta. Da kun sauka ka bar jitar a cikin jakarta a inuwa na rabin awa kafin ka buɗe, sannan ka ɗaure tsirkiya, ka sake ɗaurewa bayan waƙa ta biyu.